Galaksi Masu Murɗe da Nisansu Daga Duniya

Galaksi wani gagarumin tarin taurari ne haɗe da ƙura da iska, waɗanda ƙarfin jan da ke tsakaninsu ya riƙe wuri guda. Mai murɗe daga cikinsu tana da siffar faifan da ake rufe ƙwarya da shi: tsakiya mai kauri cike da tsofaffin taurari, sannan hannuwa da suka nannaɗe ta zuwa baki, inda sababbin taurari ke haihuwa. Ranarmu tana cikin irin wannan galaksi, wadda ake kira Milki Wei, mai faɗin kimanin shekarun haske 100,000, kuma ranar tana nesa da tsakiyar galaksin da wajen shekarun haske 26,000.

Shekarar haske ma'aunin nisa ce, wato tazarar da haske ke ci a shekara guda yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, abin da ya kai kilomita tiriliyan 9.46. Da a ce mota za ta tashi daga tashar Gusau tana cin kilomita 100 a kowace awa, ba tsayawa shan mai ba hutun direba, sai ta shafe fiye da shekara miliyan 10 kafin ta cika wannan tazara sau ɗaya.

Babbar galaksi mai murɗe da ta fi kusa da mu ita ce Andromeda, mai nisan kimanin shekarun haske miliyan 2.5. Ana iya ganinta da ido. A ƙauyukan Kebbi da Zamfara inda hasken lantarki bai dame sama ba, wanda ya fita bayan sallar isha'i a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin hazo ya yi ƙarfi kuma a daren da babu wata, zai same ta can sama ta wajen arewa maso gabas kamar ɗan hayaƙi fari-fari. Haka masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta ta a littafinsa na shekarar 964, inda ya kira ta ƙaramin gajimare. Hasken da ke shiga idon mai kallo a wannan dare ya baro ta ne shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce, don haka abin da yake gani tsohuwar kamarta ce.

An daɗe ana ganin irin waɗannan hayaƙi-hayaƙi ba a san nisansu ba. A 1845 Lord Rosse ya hango siffar murɗe a ɗaya daga cikinsu, M51, da babban madubin hangen nesa da ya gina a ƙasar Ailan, kuma har a 1920 masana taurari Harlow Shapley da Heber Curtis suna muhawara kan ko suna cikin galaksinmu ko suna wajenta. Mabuɗin ya fito ne daga aikin Henrietta Leavitt, wadda a 1912 ta nuna cewa wasu taurari masu ƙaruwa da raguwar haske, da ake kira Sefiyid, tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su kammala zagaye guda yana bayyana ainihin ƙarfin haskensu. Masuncin da ya san ƙarfin fitilar abokinsa, idan ya hango ta a kan ruwa a Yawuri tana ƙyalli kaɗan-kaɗan, zai iya ƙiyasta nisan jirginsa. Dabarar ke nan. A 1923 Edwin Hubble ya gano irin wannan tauraro a cikin Andromeda daga dutsen Wilson da ke Amurka, ya lissafa nisanta a kan shekarun haske wajen 900,000. Adadin ya gaza na gaskiya sosai, sai a 1952 Walter Baade ya nuna inda kuskuren yake, amma duk da haka ya isa ya tabbatar da cewa Andromeda ba cikin galaksinmu take ba. A ganina wannan yana cikin manyan abubuwan da aka gano a ƙarni na ashirin, kuma aikin Leavitt ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi.

Ga galaksi masu nisan da ba a iya rarrabe taurarinsu ɗaya-ɗaya, ana amfani da fashewar wasu taurari masu ƙarfin haske kusan iri ɗaya, da kuma yadda hasken galaksin ke karkata zuwa ja, wanda ke nuna saurin da take nesanta da mu, domin Georges Lemaître a 1927 da Hubble a 1929 sun nuna cewa gwargwadon nisan galaksi gwargwadon saurin da take ƙara nesanta da mu. Andromeda ta saɓa wa wannan, tana matsowa gare mu da gudun kimanin kilomita 110 a daƙiƙa. Kowane mataki na awon yana tsaye ne a kan wanda ke ƙarƙashinsa, shi ya sa kuskure ƙarami a awon taurarin Sefiyid ke shafar lissafin nesa duka. Da wannan hanya madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021, ya hango galaksi masu murɗe waɗanda haskensu ya yi tafiyar fiye da shekara biliyan 10, wato ya taso tun kafin a sami rana da duniyarmu.