Housesteads: Sansanin Sojojin Rum Da Ya Tsira Daga Masu Kwasar Duwatsu

Ina wannan sansani yake?

A arewacin Ingila, yankin Northumberland, bisa wani tudun dutse mai tsananin iska. Yana jikin ganuwar da Sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya, mai tsawon kusan kilomita 117. An gina sansanin ne wajen shekara ta 124, Rumawa na kiransa Vercovicium.

Su wa suka zauna a ciki?

Sojoji kimanin 800, kuma ba 'yan birnin Rum ba ne. Mutanen Tungri ne, daga yankin da yau ake kira Beljiyam. Haka daular take yi, ta kwashi samarin wata ƙasa ta kai su gadin wata.

Me mutum zai gani idan ya je?

Harsashin gine-gine ne suka rage: gidan kwamanda, asibiti, ɗakunan kwanan soja. An ɗora daɓen rumbunan hatsi a kan gajerun ginshiƙai don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, danshi da ɓeraye su rasa hanya; duk wanda ya san rumbun ƙauye da ake ɗorawa kan duwatsu zai gane dabarar nan take. Amma abin dariya, ban-ɗaki ne ya fi jan jama'a. Kujerun katako ne a jere bisa magudana, sojoji na zaune kafaɗa da kafaɗa, ba labule. Babu marmaro a cikin sansanin, don haka ruwan sama da aka tara a tankunan dutse shi ke wanke ƙazantar.

Yaya aka yi bai ɓace ba?

Da ƙyar. Bayan mulkin Rum a Birtaniya ya ƙare a farkon ƙarni na 5, manoma suka yi ta kwasar duwatsun ganuwar suna gina gidaje da coci-coci. A ƙarni na 17 ma, dangin Armstrong, sanannun ɓarayin dawakai, a nan suka yi zamansu. Sai a 1838 wani lauya daga Newcastle, John Clayton, ya sayi filin ya hana kwasar duwatsunsa. A 1930 wurin ya koma hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi a Ingila, sannan a 1987 UNESCO ta sa ganuwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Wace kariya doka ta ba shi?

Haƙa ko laluben ƙarafa da na'ura ba tare da izini ba laifi ne. Ana kuma roƙon masu ziyara kada su hau kan ganuwar, domin tafiyar dubban ƙafafu kan sassauta duwatsun.