Indiya: Daga Jinginar da Zinare Zuwa Rikicin Ayodhya

A tsakiyar shekarar 1991, gwamnatin Indiya ta loda zinarenta a jirgin sama ta kai jingina. Kusan tan 47 aka kai Babban Bankin Ingila, domin kuɗin waje da suka rage a baitulmali ba za su biya kayan da ƙasar ke shigowa da su ba sai na 'yan makonni. Yaƙin Gulf ya sa man fetur ya yi tashin gwauron zabo, Tarayyar Soviet da ke sayen kayanta tana dab da wargajewa, ga shi an kashe tsohon Firaminista Rajiv Gandhi a watan Mayu ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. A ƙasar da zinaren mace shi ne rufin asirin gida, wannan abin kunya ne babba.

Wuya ce ta sa Firaminista Narasimha Rao ya ɗauko masanin tattalin arziki Manmohan Singh ya ba shi ma'aikatar kuɗi. Kafin lokacin, sai da lasisin gwamnati mutum zai kafa masana'anta ko ya faɗaɗa ta, mai neman layin tarho kuma yakan shekara da shekaru yana jira. Singh ya karya darajar rupee, ya rage harajin shigo da kaya, ya soke yawancin lasisin nan. Daga nan Bangalore ta zama cibiyar aikin kwamfuta, kamfanonin magani suka bunƙasa. Mu ma a nan muna gani da idonmu: A Daidaita Sahun da ke cike titunan Kano, Bajaj ce ko TVS, kuma duk wanda ya juya kwalin magani a kemis sau da yawa sunan Indiya zai gani. A 2022 arzikinta ya zarce na Birtaniya da ta mulke ta, a 2023 kuma ta wuce Sin a yawan jama'a.

Abin da ke damuna shi ne wani abu da ya taso kafaɗa da kafaɗa da wannan arziki. Ranar 6 ga Disamba, 1992, gungun masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe masallacin Babri a garin Ayodhya, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000. Jam'iyyar BJP mai kishin Hindu, wadda kujeru 2 kacal ta samu a majalisar dokokin ƙasa a 1984, ta riga ta hau kan batun wannan masallaci ta kai 120 a 1991. A 2002 aka kashe mutum fiye da 1,000 a jihar Gujarat, akasarinsu Musulmi, lokacin Narendra Modi na BJP yana jagorancin jihar. Binciken da Kotun Ƙoli ta sa aka yi bai same shi da laifi ba, amma har yau tabon bai goge ba. A 2014 ya zama Firaminista da alƙawarin ayyukan yi.

An yi hanyoyi, an kai lantarki ƙauyuka, mai shayi a bakin titi yana karɓar kuɗi ta waya. An kuma yi ɓarna. Daren 8 ga Nuwamba, 2016, Modi ya soke takardun rupee 500 da 1,000, talakawa suka kwana a layin banki; wanda ya sha wahalar canjin naira a farkon 2023 ya san wannan azaba. A 2019 aka ƙwace wa Kashmir matsayinta na musamman na ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai, aka kuma yi dokar ba baƙin haure daga maƙwabta shaidar zama ɗan ƙasa, aka ware Musulmi daga ciki. Manoma suka yi shekara guda suna zaman dirshan a mashigan Delhi har sai da aka janye sababbin dokokin noman da suke adawa da su a 2021. Kuma har yanzu mutum kusan miliyan 800 na karɓar hatsi kyauta daga gwamnati, abin da ke nuna inda arzikin bai kai ba.

A Janairun 2024 Modi ya buɗe haikalin Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, a filin da masallacin yake. Watanni kaɗan bayan haka aka yi zaɓe, BJP ta sauko daga kujeru 303 zuwa 240, dole ta nemi ƙawance kafin ta kafa gwamnati. Cikin kujerun da suka suɓuce mata har da ta Faizabad, mazaɓar da garin Ayodhya yake ciki.