Harsashi ne ko alburushi? Kalmar da dokokin jihohin Amurka ke tafe a kanta

Duk lokacin da labarin ƙudurorin da majalisun jihohin Amurka ke muhawara a kansu game da kayan harbi ya iso kafofin yaɗa labaranmu, sai ka ji wani mai karanta labarai ya ce za a haramta sayar da alburusai, wani ya ce harsasai, wani kuma ya dunƙule komai ya ce makamai. Wannan cakuɗa tana damuna ƙwarai, domin a sha'anin doka kalma guda ce ke raba wanda zai kwana a gidansa da wanda zai gurfana gaban alƙali.

Asalin kalmomin biyu ya isa ya warware rabin rikicin. Alburushi daga Larabci muka aro shi, daga barud, wato baƙin garin nan da ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri, wanda ke kamawa da zarar ya ji ƙyastu. Harsashi kuwa daga rasas ya fito, wato dalma, ƙarfen da ake narkawa a dunƙula. Wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ba zai haɗa su ba: sai ya zuba alburushi ta bakin bindiga, ya danna shi da sanda, sannan ya biyo da harsashi. Ɗaya yana turawa, ɗaya yana tafiya. Da masu ƙera makamai na ƙarni na 19 suka haɗa su cikin kwanso ɗaya, da gari a ciki, da dalma a baki, da 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta a gindi, Hausa ba ta raɗa wa sabon abin suna ba, sai ta miƙa tsoffin kalmomin biyu suka rufe shi. Daga nan ne ma aka samo jam'in alburusai, alhali gari ba ƙirga shi ake yi ba, auna shi ake yi. Ba na neman a hana mutane faɗin abin da bakinsu ya saba, amma wanda ke fassara doka ya kamata ya ce harsashi idan cikakken kwanso ake nufi, ya bar alburushi ga garin.

Su kansu Amurkawan ba su tsira daga wannan ruɗani ba. A dokar tarayya, kalmar da suke amfani da ita, wato ammunition, ta ƙunshi cikakken harsashi, da kwanson da babu komai a ciki, da dalmar, da garin, da ƙwayar gindin, kowanne shi kaɗai. A Kalifoniya kuwa, binciken tarihi da ake yi wa mai saye kafin a sayar masa ya tsaya ne ga cikakken harsashin da aka riga aka ɗura. Ke nan mutumin da ke sayen sassan ya haɗa da kansa a gida, kuma masu yin haka suna da yawa cikin maharba da 'yan wasan harbi, wata dokar ta san da zamansa, wata kuma ta wuce ta gefensa.

Batun shekaru ya fi wannan sarƙaƙiya. Dokar tarayya ta 1968, wadda aka zartar bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, ta hana dillali mai lasisi ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba harsashin ƙaramar bindiga, amma ta yarda ya sayar wa ɗan shekara 18 harsashin doguwar bindiga. A takarda abin ya yi tsaf, sai dai harsashi bai san bindigar da za a saka shi a ciki ba. Ƙaramin nan da ake kira .22 yana shiga fistol, yana kuma shiga doguwar bindiga, haka ma mai milimita 9. Abin da ya rage wa dillali shi ne ya gamsu cewa yaron da ke gabansa doguwar bindiga zai ɗura wa, wato dokar ta koma kan amsar da mai saye ya ga damar bayarwa. Wannan giɓi ne ƙudurorin mayar da shekarun saye 21 ke son toshewa, kuma jihar Kolorado ta zartar da irin wannan doka a 2025. Wanda ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar Uvalde ta jihar Tekzas a watan Mayun 2022 bai daɗe da cika shekara 18 ba lokacin da ya sayi bindigoginsa da harsasai sama da dubu, kuma bai karya dokar saye ba.

Aika kaya zuwa gida shi ma yana da tarihinsa. Dokar 1968 ta wajabta wa masu sayar da harsashi lasisi da rubuta sunayen masu saye, ta kuma toshe cinikinsa ta gidan waya daga jiha zuwa jiha, amma wata doka ta 1986 ta ɗage yawancin waɗannan sharuɗɗa tun kafin intanet ta zama kasuwa. Shi ya sa wanda ya kashe mutum 12 a gidan sinima na garin Aurora da ke jihar Kolorado a 2012 ya iya tara harsashi sama da 6,000 ta intanet ba tare da wani ya ga fuskarsa ba. Masu zaɓe a Kalifoniya sun amince a 2016 cewa duk harsashin da aka saya daga nesa sai ya sauka a hannun dillali mai lasisi, kuma daga Yulin 2019 sai an bincika tarihin mai saye. Jihar Niyok ta fara nata binciken a Satumban 2023.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya haramta harsashi, shi ya sa nake ganin kalmar haramtawa ɓatar da mai sauraro take yi. Taƙaitawa ce: wa zai saya, a wace shekara, a hannun wa. A ra'ayina tunanin da ke bayanta mai ƙarfi ne, domin bindiga tana iya wuce shekara hamsin tana aiki, ana gadonta daga kaka zuwa jika, harsashi kuwa ƙarewa yake yi, dole mai shi ya komo kasuwa.

Masu adawa ma suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa 'yancin riƙe makami da gyaran fuska na biyu na kundin tsarin mulki ya tabbatar tun 1791 ba shi da amfani idan bindigar ta zama sanda, kuma binciken Kalifoniya ya mayar da mutane masu yawa da ba su da laifi hannu rabbana saboda adireshinsu bai dace da na rajista ba. Kim Rhode, gwanar harbi da ta ci lambobin yabo a wasannin Olamfik guda shida a jere, ita ce ta jagoranci ƙarar da aka shigar kan dokar Kalifoniya, kuma a Janairun 2024 alƙali Roger Benitez na kotun tarayya da ke San Diyego ya yanke hukunci cewa dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Gwamnatin jihar ta ɗaukaka ƙara.