Waiwaye: Yadda Zakin Peugeot Ya Janye Daga Tashoshin Damagaram

A watanni shida na farkon 2025, kamfanin Stellantis ya tafka asarar yuro biliyan 2.3, wato sama da biliyan 1,500 na sefa. Da wuya ka tsayar da mutum a Kasuwar Dole ya ce maka ya san wannan suna, amma kowa ya san ɗaya daga cikin motocin da ke ƙarƙashinsa: Peugeot mai tambarin zaki. A 2023 ribar kamfanin ta kai yuro biliyan 18.6, a 2024 ta faɗo zuwa 5.5, kuma a ranar 1 ga Disamban 2024 shugabansa Carlos Tavares ya ajiye aiki bayan saɓani da hukumar gudanarwa. Wanda ya gaje shi a watan Yunin 2025, Antonio Filosa, ya tarar da gida mai ƴaƴa 14, daga Fiat da Jeep zuwa Citroën da Opel, ga tukunya ta yi ƙasa. Tun lokacin masu hannun jari ke tambayar wa za a ci gaba da ciyarwa, wa za a sallama.

Mu a nan ba daga jarida muka fara jin labarin ba. Duk wanda ya daɗe yana shiga tasha ya ga abin da idonsa. Layin Magariya, na Matamaye, na Gure, na Tanut, yau Toyota Hiace ce ke lodi. Hanyar Yamai manyan bas-bas sun cinye ta. Daji kuwa na Hilux ne da Land Cruiser. Ƴan Peugeot 504 da suka rage sai ranar kasuwar ƙauye ake ganin su, ƙofa ɗaure da igiya, awaki a bisa.

Gidan Peugeot ya girmi mota nesa ba kusa ba. A 1810 iyalin suka fara sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa, suna yin zarto da injin niƙan kofi, daga baya kekuna. An yi wa tambarin zakin rajista a 1858, kuma asali ƙarfin haƙoran zarto yake nufi. Mota sai wajen 1890, babbar masana'antar Sochaux kuma a 1912. Motocin Faransa sun san rairayin Damagaram tun garin yana hedikwatar mulkin mallakar Nijar, kafin a maida ta Yamai a 1926: ayarin Citroën mai motoci takwas, wanda ya taso daga Aljeriya a watan Oktoban 1924 don keta Afirka, ta nan ya bi ya nufi tafkin Chadi. Amma wannan yawon Turawa ne. Talaka bai shiga motar Faransa da buhunsa na hatsi ba sai da 404 ta zo.

Ta fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, kuma mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, wadda ake kira bashe, ita ta zama jakin ƴan kasuwa. Sai 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. Abin da ya sa ta karɓu a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. Tayoyin baya ke tura ta, don haka idan aka labta mata kaya ƙara riƙe ƙasa take yi. Cikinta ya yi nesa da ƙasa. Ƙafafunta suna da doguwar lanƙwasa, suna shanye gargadar birji wadda ke kwance wa wasu motoci kusoshi. Injinta na kafireto ne, babu abin da ya ɓuya a cikinsa. Makanike mai sifana da filaya da kunne mai kyau zai tayar da ita a gindin bishiya tsakanin Mirriya da Gidimuni. Doguwar mai layin kujeru uku an yi ta ne don mutum bakwai, amma babu direban da ya taɓa yarda da wannan lissafi. Biyu a gaba ban da shi, huɗu a tsakiya, uku a baya, sannan a ce wa na bakin ƙofa, "Alhaji, a ɗan gyara, yaro ne kawai." An ƙera 504 sama da miliyan uku a duniya.

Sai dai ƙarfin mota shi kaɗai ba ya riƙe kasuwa shekara talatin. Abin da ya kafa Peugeot a Damagaram yana kudu da mu. A 1972 gwamnatin Najeriya da kamfanin suka kafa PAN, kamfanin haɗa Peugeot na Najeriya, a 1975 aka fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwan Legas a lokacin, ta sama aka riƙa kwaso sassan motar daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta maida 504 motar manyan ma'aikata. Sakamakon haka Kano, wadda ba ta fi kilomita 240 daga nan ba, ta cika da kayan gyara, sababbi da tsofaffi, na asali da na kwaikwayo. Idan giya ta lalace yau, gobe da yamma an kawo wata ta Maimujiya ko ta Magariya. Yaran gareji sun tashi ba su san wani inji ba sai wannan. A ganina wannan sarƙa ta kayan gyara da masu gyara ita ce ainihin dukiyar Peugeot a ƙasar Hausa, kuma kamfanin bai taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba.

Shekarun 1980 sun yi kama da ƙololuwa. Peugeot ta lashe tseren Paris-Dakar sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, a zamanin da tseren ke ratsa Tenere da Agadas, Ari Vatanen ɗan Finland ya ci uku daga ciki. To amma a 1987 ɗin nan, a arewacin Chadi, sojojin Hissène Habré suka fatattaki tankokin Libiya a kan Toyota masu buɗaɗɗen baya, har aka laƙaba wa yaƙin sunan motar. Mutanen hamada sun lura da wace ce ta yi tsere da injiniyoyi da jirgin sama a bayanta, wace ce kuma ta yi aiki ba kowa.

Daga nan abubuwa suka taru. Kamfanin da kansa ya juya wa irin hanyoyinmu baya. Bayan ya haɗiye Citroën a 1976 da reshen Chrysler na Turai a 1978 ya kusa durƙushewa, kuma ƙaramar 205 ta 1983 ce ta cece shi. Darasin da ya ɗauka shi ne kuɗi na wajen ƙananan motocin birni. 505 ta 1979 ita ce ta ƙarshe mai turi da tayoyin baya. 405 da 406 motoci ne masu daɗin zama, amma na kwalta ne. Da 307 ta zo a 2001 da wayoyi da kwamfuta a ko'ina, sai makanikai suka fara cewa, "Maigida, wannan ba tamu ba ce, sai mai na'ura." A ɓangaren aljihu kuma, tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986 ya karya naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikacin Najeriya. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100 a dare guda. Sabuwar mota ta zama ta gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Sauran jama'a suka koma Kwatano, inda jiragen ruwa ke sauke tsofaffin motocin Turai, kuma a wannan fili wadda ta fi jure tsufa ita ke cin kasuwa. Corolla da Starlet da Hiace suka ci.

Akwai wani abin ban mamaki a nan. CFAO, tsohon kamfanin cinikin Faransa da aka kafa a Marseille a 1887, wanda ya daɗe yana sayar da motocin Faransa a Afirka ta Yamma, ya koma hannun Toyota Tsusho na Japan a 2012. Shagon da Bafaranshe ya gina, Bajapane ne ke zaune a ciki.

A 2012 ɗin nan ne kuma uwar kamfanin, PSA, ta yi asarar yuro biliyan 5. Ta fice daga Iran, kasuwarta ta biyu mafi girma, saboda takunkumi, ta kuma sanar da rufe masana'antar Aulnay kusa da Paris. A 2014 gwamnatin Faransa da Dongfeng na China kowanne ya zuba yuro miliyan 800, iyalin Peugeot suka rasa ragamar gidan da suka riƙe sama da shekara 200. Kaduna ma ba ta tsira ba: an daina 504 a tsakiyar shekarun 2000, an sayar da PAN ga ƴan kasuwa a 2006, bashi ya kai shi hannun AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan da suka maƙale a bankunan Najeriya, a 2012.

Tavares, lokacin da yake shugabancin PSA, ya farfaɗo da kamfanin, wannan ba a musu. Ya sayi Opel a 2017, ya haɗe da Fiat Chrysler a watan Janairun 2021 aka haifi Stellantis. Hanyarsa ita ce matse kashe kuɗi da ɗaga farashi, kuma ta yi aiki har ranar da ta daina. A Amurka, inda mafi yawan riba ke fitowa, motoci suka taru a hannun dillalai ba masu saye, sannan harajin Trump na kashi 25 cikin ɗari ya sauka a 2025. A Turai kuwa ƙaramin injin PureTech mai lita 1.2 ya ɓata wa Peugeot suna: bel ɗinsa yana gudu ne cikin man inji, yana marmashewa kafin lokaci, ɓarɓashin ya toshe hanyar mai. An janye dubban ɗaruruwan motoci don gyara. Wannan a ƙasar da ake zuba man da littafi ya ce, a ranar da littafi ya ce. A ƙiyasta yadda zai kasance a zafin watan Afrilu na Damagaram, da ƙurar hunturu, da man da ake saye a kwalba a bakin titi.

Adalci shi ne a faɗi cewa Peugeot ba ita ce mafi rauni a cikin goma sha huɗun ba. Lancia da DS da Maserati da Chrysler sun fi ta shiga uku, kuma 208 ita ce motar da aka fi saye a Turai baki ɗaya a 2022. Ba na tsammanin sunan zai ɓace a can nan kusa. Inda makomarsa ke da duhu sosai shi ne nan, don mu abin da Turai ta hau shekara goma ko sha biyar da suka wuce muke saye. Abin da Sochaux ke ƙerawa yau shi zai iso mana gobe, kuma abin da take ƙerawa ƙananan injuna ne masu saurin fushi da motocin batir, saboda dokar Tarayyar Turai ta 2023 da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sababbin motocin fetur da gazuwal, ko da yake ana ta ja-in-ja kan sassauta ta. Garin da ke da matatar mai ta SORAZ a bayansa tun 2011, wanda kuma ya ɗanɗani duhu lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023, ba zai yi gaggawar sayen motar da ake caji ba.

Kamfanin ya yi yunƙurin dawowa Afirka. Ya buɗe masana'anta a Kenitra ta Maroko a 2019. A 2020 ya fito da Landtrek mai buɗaɗɗen baya, wadda aka tallata a matsayin magajiyar 504, alhali tare da Changan na China aka tsara ta. A 2022 kamfanin haɗin gwiwa na Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a sabuwar masana'anta a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Wannan na ƙarshe shi ne kaɗai ya shafe mu kai tsaye, don ta wannan hanya ce zakin ya kafu a karon farko. Amma wancan karon akwai gwamnati mai kuɗin mai da ke saye da yawa, naira tana da ƙarfi, kuma babu motocin China masu araha a layi. Yanzu ko ɗaya babu. Ta ɓangaren teku ma gadar Gaya da Malanville ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tsada ta ƙaru a kan kowace mota. Dangantaka da Faransa kuwa kowa ya san inda ta kwana tun ficewar sojojinta a Disamban 2023.

Mai sayen mota a Damagaram, kafin ya biya, makanikensa yake tambaya, shi kuma makanike abin da zai iya samun kayansa a Kano yake yabawa. Yaran da ke koyon aiki a garejojin Sabon Gari yau injin Toyota suke kwancewa da babura ƴan China, kuma 504 ɗin da ta lalace sai an yanka wata ake tayar da ita. Landtrek ko wata magajiyarta ba za ta shiga layin Tanut ba sai kayan gyaranta sun cika shagunan Kano a farashin da direban haya zai iya biya, kuma wannan kashe kuɗi ne na shekaru, a daidai lokacin da Filosa ya karkata jarin kamfanin zuwa Amurka don ceto Jeep da Ram.