Motarka tana zafi? Karanta kafin ka sake tambayata

Allurar zafi ta hau ja ina cikin tafiya, me zan yi?

Ka tsaya, ka kashe injin. Ban da "bari in ƙarasa Samaru tukuna".

In buɗe murfin lagireto nan take?

A'a! Murfin nan matsi yake riƙewa, har ruwan ya kusa digiri 120 bai tafasa ba. Kana murɗawa zai watso maka a fuska. Jira sai ka iya riƙe tiyon lagireto na sama da hannunka.

A cunkoson Kwangila take zafi, a hanyar Kaduna kuwa lafiya lau.

Fanka ce. Duba fis da wayoyinta, in tsohuwar 504 ce duba fanbel. In kuma sai ta ɗau dogon titi take zafi, lagireto ne ya toshe: ƙurar hunturu daga waje, dattin ruwan rijiya daga ciki.

Kullum ruwa na raguwa, ban ga inda yake zuba ba. Gasket ya ƙone ke nan?

Wataƙila, don gasket ɗin da ke liƙe tsakanin jikin injin da tof silinda, wato murfin kan injin, yakan ƙone, amma kwantar da hankalinka, Malam. Fara shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin ya kwana, da safe ka ga ko akwai ɗigo. Famfon ruwa yakan yi tsiyaya ta wani ɗan rami a ƙasansa, zafi ya busar da ita kafin ka lura. Murfin lagireton da robarsa ta mutu shi ma yana zubar da ruwa, kuma shi ne mafi araha. In duk waɗannan lafiya, buɗe murfin da sanyin safiya, ka cika ruwa, ka tayar da mota. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alama ce mara kyau. Haka baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Farin hayaƙi a salansa kuwa bai isa hujja ba, don a sanyin Disamba kowace mota tana yi da asuba, sai in ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama. Ko alamun sun taru, wani sa'in tof silinda ne ya lanƙwashe ko ya tsage, wannan kuma sai an kwance a gareji.

Bakanike ya ce a cire tamostat a huta.

Haba! Wa ya ce ba ta da aiki? Ita ce ƙofar da ke tare ruwa tsakanin injin da lagireto, sai wajen digiri 82 zuwa 90 take buɗewa, don injin ya ɗumama da wuri, ya rage shan mai. Jefa ta a tukunyar tafasasshen ruwa. In ta buɗe, mayar da ita. In ta ƙi, sayi sabuwa.