Jacques Offenbach: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mai Tsara Kiɗan da Ya Yi wa Masu Mulkin Faransa Zambo

Wane ne Jacques Offenbach, kuma daga ina ya fito?

An haife shi ranar 20 ga Yuni, 1819 a birnin Kolon da ke ƙasar Jamus ta yanzu, kuma sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Jacob. Mahaifinsa Bayahude ne mai jagorantar rera addu'o'i a wurin ibadarsu na birnin, yana kuma koyar da kiɗa. Tun yana yaro Jacob ya gwanance da celo, wato babban goge mai tsirkiya huɗu wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. A 1833, yana ɗan shekara 14, uban ya kai shi Paris, inda Luigi Cherubini, shugaban babbar makarantar kiɗa ta birnin, ya karɓe shi duk da cewa ba a cika buɗe wa baƙi ƙofarta ba. Shekara guda kawai ya yi ya bar makarantar, ya shiga ayarin makaɗan gidan wasa na Opéra-Comique, daga baya ya yi suna a zaurukan attajirai a matsayin gwanin celo. A 1844 ya koma Katolika, ya auri Herminie d'Alcain, kuma a 1860 ya zama ɗan ƙasar Faransa.

Mece ce operetta, kuma me ya raba ta da opera?

Opera wasan kwaikwayo ne da galibi ake rera shi daga farko har ƙarshe tare da ayarin makaɗa, kuma a Paris ta wancan zamani labaransa sun fi karkata ga yaƙi da sarauta da mutuwa. Operetta ƙanwarta ce mai fara'a: 'yan wasa suna magana kamar kowa, sai su ɓarke da waƙa, sai rawa ta biyo baya, kuma abin da ake nema shi ne dariya. Ba Offenbach kaɗai ne ya assasa ta ba, domin wani mai tsara kiɗa da ake kira Hervé ya ɗan riga shi, amma shi ne ya raine ta har ta ƙetare iyakar Faransa, ya kuma bar kusan guda 100.

Ta yaya ya sami dandamalin da zai nuna ayyukansa?

Da wahala ya same shi. Daga 1850 shi ne jagoran makaɗa a gidan wasa na Comédie-Française, amma manyan gidajen opera sun ƙi kula abin da ya rubuta. Da ya ga jira ba zai fisshe shi ba, sai a 1855, shekarar da Paris ta karɓi baƙuncin baje kolin duniya, ya kama hayar wani ɗan ƙaramin zaure a titin Champs-Élysées ya buɗe nasa gidan, Bouffes-Parisiens. A lokacin gwamnati ce ke ƙayyade wa kowane gidan wasa irin abin da zai nuna, kuma lasisin da aka ba shi bai yarda fiye da mutum uku su yi magana ko waƙa a wasa ɗaya ba, daga baya aka ƙara zuwa huɗu. A ganina wannan ƙuntatawar ce ta horar da hannunsa, domin wanda ba shi da taron mawaƙa da zai fake da su dole ne ya sa kowane baiti ya yi aiki, kuma wannan tsimin ya bi shi har ayyukan da ya yi daga baya.

Me ya sa *Orphée aux enfers* ya tayar da ƙura?

Da aka sassauta dokar, sai ya fito da wannan wasa ranar 21 ga Oktoba, 1858. A tatsuniyar Girkawa, Orpheus mawaƙi ne da ya sauka lahira don ya dawo da matarsa Eurydice saboda tsananin ƙauna, kuma masu ilimin Turai suna girmama labarin ƙwarai. A wurin Offenbach kuwa, miji da mata sun gaji da juna, mijin yana murna da rabuwar, sai wata da ake kira Ra'ayin Jama'a ta tilasta masa bin sawun matar don gudun abin kunya. Allolin Girkawa suna yi wa shugabansu Jupiter bore saboda sun gundura da zaman sama, shi kuma Jupiter yana rikiɗa ya zama ƙuda don ya nemi matar wani. 'Yan kallo da dama sun ga hoton Sarkin Faransa Napoleon na Uku da fadawansa a ciki, mutanen da ke wa'azin mutunci a fili suna aikata akasinsa a ɓoye.

Wani fitaccen mai sharhi, Jules Janin, ya caccaki wasan a jarida yana cewa an ci mutuncin adabin magabata, sai sukar ta zama talla, aka nuna shi sau 228 a zangon farko. Sarkin da kansa ya je ya kalla a 1860. Kiɗan rawar da ke kusa da ƙarshen wasan shi ne wanda duniya ta sani yau da kiɗan kankan, wata rawar Faransa mai sauri da ake wurga ƙafafu sama, har mutane da yawa suna iya bin amonsa da baki ba tare da sun taɓa jin sunan mai shi ba.

Wane lokaci ne tauraronsa ya fi haskawa?

Tsakanin 1864 da 1869, lokacin da yake aiki da marubuta biyu, Henri Meilhac da Ludovic Halévy, da kuma zabiya Hortense Schneider. A waɗannan shekaru aka sami *La belle Hélène* a 1864, *La Vie parisienne* a 1866 da *La Périchole* a 1868. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne *La Grande-Duchesse de Gérolstein* na 1867, labarin sarauniyar wata 'yar ƙaramar ƙasa da ta ɗaga kurtun soja mai suna Fritz ta mai da shi janar saboda kawai ya kwanta mata a rai. Sarakuna da manyan jami'an da suka zo baje kolin wannan shekarar, ciki har da Bismarck, firaministan daular Prussia ta Jamusawa, da Sarkin Rasha Alexander na Biyu, sun zauna suna dariyar sojojin da ke shiga yaƙi don nishaɗin masu mulki. Shekara uku bayan haka yaƙi na gaske ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia.

Shin kiɗansa na wasa ne kawai, ba shi da zurfi?

Masu raina shi sun faɗi haka tun yana raye, kuma ban yarda da su ba. Sa mutum dariya da kiɗa yana buƙatar sanin daidai inda za a tsaya da inda za a ƙara sauri, kuma Offenbach ya ƙware wajen gutsuttsura kalma yana maimaita gaɓoɓinta har girman kan mai furta ta ya zube. Yakan ari salon manyan opera ya ɗora shi kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma gatsen ba zai yi tasiri ba sai da ya iya salon kamar masu shi. Sannan yana da taushi: waƙar wasiƙa a *La Périchole*, inda yunwa ta sa budurwa ta rubuta wa masoyinta sallama, ba ta da ko ɗigon ba'a. Tun a 1842 ma ya riga ya ɗora tatsuniyoyi shida na marubucin Faransa La Fontaine a kan kiɗa don rerawa a zaure. Rossini, mashahurin mai tsara opera ɗan Italiya, ya yi masa laƙabi da Mozart na Champs-Élysées, wato ya kamanta shi da gwanin masu tsara kiɗa Mozart, kuma tafarkinsa Johann Strauss ƙarami ya bi a Vienna, haka ma Gilbert da Sullivan a Landan.

Me yaƙin 1870 ya yi masa?

Ya bar shi tsaka mai wuya. Jaridun Faransa sun tuna masa cewa haifaffen Jamus ne, na Jamus kuma suka kira shi maci amana, kuma bayan faɗuwar Napoleon na Uku wasu sun ɗora wa wasanninsa laifin lalacewar tarbiyyar zamanin da ya shuɗe. A 1873 ya karɓi ragamar gidan wasa na Gaîté, ya kashe kuɗi fiye da kima wajen ƙawata dandamali, ya karye. Neman abin biyan bashi na cikin dalilan da suka kai shi Amurka a 1876, inda ya jagoranci makaɗa a New York da Philadelphia.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

Ya ƙare ta yana fama da ciwon gaɓoɓi, yana kuma tsere da ajali don kammala *Les contes d'Hoffmann*, opera mai nauyi da yake fatan za ta sa a daina kallonsa a matsayin ɗan barkwanci kawai. Ya rasu a Paris ranar 5 ga Oktoba, 1880, yana da shekara 61, aka binne shi a maƙabartar Montmartre. Ernest Guiraud ne ya ƙarasa abin da ya rage, aka fara nuna ta ranar 10 ga Fabrairu, 1881 a Opéra-Comique, gidan da ya goga celo a cikinsa yana matashi. Waƙar da ta fi shahara a cikinta, mai salon waƙar masu tuƙa kwalekwale a Venice, ya ɗauko amonta ne daga wata opera da ya rubuta wa Vienna a 1864.