Fim ɗin "The Work": me masu sharhi suka gani a kukan maza?

Wane irin fim ne?

Fim ne na abin da ya faru da gaske, babu ɗan wasa ko ɗaya. Jairus McLeary da Gethin Aldous suka shirya shi, ya fito a 2017. An ɗauke shi a gidan yarin Folsom da ke Kalifoniya a Amurka, inda ƙungiyar Inside Circle ke haɗa fursunoni masu manyan laifuka da maza daga waje, su yi kwana 4 a ɗaki guda, kowa yana amayar da abin da ke cin ransa.

Yaya aka karɓe shi?

Da hannu bibbiyu. Ya ci babbar kyautar alƙalai a ɓangaren fina-finan gaskiya a bikin fina-finai na SXSW da ake yi a Austin ta Amurka, ya kuma ci ta 'yan kallo a bikin fina-finai na Sheffield ta Ingila. Abin da ya fi burge masu sharhi shi ne babu mai ba da labari da zai gaya maka yadda za ka ji. Akwai inda wani fursuna ya rungume ɗan'uwansa fursuna da ya fid da rai da rayuwa, makirfon da ke ƙirjinsu ya danne, sai bugun zuciyarsu kawai kake ji. Sau da yawa ɗaurarrun ne ke riƙe baƙin da suka shigo da ƙafarsu, kuma zancen uba, wanda ya tafi ko wanda bai taɓa yabo ba, shi ke ta dawowa.

Ba shi da aibu ke nan?

Yana da shi, a ganina. Ba mu ji ta bakin waɗanda fursunonin suka zalunta ba, kuma kwana 4 ba sa nuna ko mutum ya shiryu.

Wani daga Gadarif ta ƙasar Sudan ya ce: "Malam, namiji da kuka a gaban maza?"

Ɗan'uwa, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, magidanta nawa suka baro Khartoum da Madani suka sauka wajenku da Kassala? Dubi mutum a gindin mai shayi: kofi ya huce a hannunsa, ka tambaye shi gida, ya ce "Alhamdulillah", daren jiya kuwa bai runtsa ba. Majalisa muna da ita, ta siyasa da farashin dawa. Wadda babu ita ce ta mutum biyar ko shida, da dattijo mai riƙe sirri, da sharaɗin abin da aka faɗa ba zai fita ba. Wanda yake zancen kashe kansa kuma, a kai shi wajen likita a ranar.